Motar Haibirid da Sanyi: Dalilin Da Shan Mai Yake Ƙaruwa, da Abin Da Ya Shafi Mai Sayen Tokunbo

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, tambayar da mai sayen mota yake fara yi ta canza. Da can sai a duba kyan jiki da ƙarfin inji, yanzu kuwa kafin a buɗe ƙofa ma ana tambaya: ya shan manta? Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa masu aikin Uber da Bolt, da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Shagamu da Ibadan, suka fara mayar da hankali kan motar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da motar lantarki.

To sai dai yawancin waɗannan motoci daga Amurka da Kanada ake shigo da su, ƙasashen da sanyinsu yakan daskarar da ruwa. Wanda ya shiga intanet yana bincike zai ci karo da ƙorafin masu irin motar a can: wani ya ce tunda sanyi ya shigo shan mai ya ƙaru, wani ya ce maɓallin tafiya da lantarki zalla ya daina karɓa. Wasu masu saye a nan sukan ɗauka cewa motar ce ba ta da inganci. Ga bayanin yadda abin yake, da inda ya shafe mu da inda bai shafe mu ba.

Ba duk haibirid ba ce iri ɗaya

Kafin a yi maganar sanyi, ya kamata a bambance motocin, don dillalai sukan haɗa su a suna ɗaya.

Ta farko ita ce haibirid ta gama-gari, wadda ba a jona ta da wuta. Toyota Prius ce uwar wannan iri, ta fito a Japan a watan Disamba na 1997, aka fara sayar da ita a ƙasashen waje a 2000. Daga baya aka yi Highlander da Lexus RX 400h a 2005, sannan Camry a 2006. Batirinta ƙarami ne, na Prius ta tsakanin 2004 da 2015 bai wuce yunit 1.3 ba, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Injin ne yake caja shi, sai kuma birki: idan direba ya taka birki, motar lantarkin takan koma janareta ta mayar da gudun motar ya zama wuta. Duk ƙarfin da wannan mota ke tafiya da shi, asalinsa daga fetur ne. Batirin ma'ajiya ce kawai ta abin da da an yi asararsa.

Ta biyu ita ce haibirid mai filogi, wadda ake jona wa wuta a gida. Batirinta ya fi girma nesa ba kusa ba. Prius Prime ta 2017 tana da yunit 8.8, kuma a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka tana yin kilomita 40 ba tare da injin ya tashi ba. RAV4 Prime ta 2021 tana da yunit 18.1, tana yin kusan kilomita 68. Chevrolet Volt, wadda aka daina ƙerawa a 2019, sabon samfurinta yana kai kilomita 85. Idan cajin ya ƙare sai ta ci gaba da fetur kamar ta farko.

Akwai kuma wadda ake cewa ƙaramar haibirid, mai batirin bolt 48. Ita wannan motar lantarkinta ɗan tallafi kawai take yi wa injin, galibi ba ta iya jan motar ita kaɗai. Sai ta ƙarshe, mai lantarki zalla irin Tesla da Nissan Leaf, wadda ba ta da injin fetur sam. Ita ba haibirid ba ce, amma za a ambace ta don matsalar batirinsu a sanyi ɗaya ce.

Nawa ne asarar?

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da alƙaluma kan wannan, inda ta kwatanta tuƙin cikin gari a yanayi biyu: digiri 25 a ma'aunin Selshiyas, da kuma digiri 7 ƙasa da sifili. Motar fetur ta yau da kullum, nisan da lita guda ke kai ta yana raguwa da kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma idan tafiyar gajera ce, kamar kilomita biyar zuwa shida, raguwar takan kai kashi 24. Haibirid kuwa raguwarta kashi 30 zuwa 34 ce. Mai lantarki zalla, nisan da caji guda ke kai ta yana iya raguwa da kashi 41.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ashe haibirid ta fi muni. Amma a yi lissafi da lita. Prius ta 2010 an ba ta mil 50 a galan ɗin Amurka lokacin da ta fito, wato kusan kilomita 21 a lita. Idan sanyi ya cinye kashi ɗaya bisa uku, ta dawo kilomita 14. A ɗauki motar fetur mai yin kilomita 13 a lita: a wannan sanyin za ta dawo 11, ko 10 a gajeriyar tafiya. Ka ga kenan haibirid a ranarta mafi muni ta fi waccan a ranarta mafi kyau. A tafiyar kilomita 100, haibirid ta tashi daga lita kusan 5 zuwa 7, ɗayar ta tashi daga kusan 8 zuwa 9 ko 10. Ƙarin litocin kusan ɗaya ne, kawai dai wanda ya saba sha kaɗan, ƙarin lita biyu ya fi yin girma a idonsa.

Ga mai duba takardun motar Amurka: a ninka mil a galan da 0.425, zai ba da kilomita a lita.

Me ya sa sanyi yake yi mata haka?

Babban sirrin haibirid shi ne kashe inji. A danja, a cikin gosulo, a gangara, injin yana mutuwa, batir ya riƙe motar. Duk abin da ya hana injin mutuwa ya cinye ribar. Sanyi kuwa yana hana shi ta hanyoyi da dama.

Na farko, injin kansa yana buƙatar zafi. Injin fetur ya fi aiki da kyau idan ruwansa ya kai digiri 80 zuwa 90. Kafin ya kai nan, baƙin mai yana da kauri, ƙarafa suna gogayya da ƙarfi, fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Sannan akwai matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Ba ta fara tace hayaƙin sai ta kai kusan digiri 250 zuwa 300, kuma dokokin muhalli na can sun tilasta wa kamfanoni su ɗumama ta da wuri. Shi ya sa ko da batir a cike yake, kana kunna Prius da safe bayan 'yan daƙiƙu sai ka ji injin ya tashi. Kwamfutar motar ce take ɗumama shi. A yanayi mai ɗumi wannan ba ya daɗewa. A sanyin Minnesota ko Alberta yana iya ɗaukar tafiyar gaba ɗaya, kuma da zarar injin ya mutu a danja sai ya fara hucewa, a sake sabon lale.

Na biyu, kuma shi ne babba, hita. A motar fetur, zafin da ke ɗumama fasinja kyauta ne. Ko injin sabuwar Prius da ta fito a ƙarshen 2015, wanda Toyota ta ce yana mayar da kashi 40 na ƙarfin fetur ya zama motsi, ragowar kashi 60 zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. Hita tana ɗiba ne daga wannan zafin, ta hanyar ruwan injin. Motar da injinta ba ya mutuwa kullum tana da zafin da za ta bayar. Haibirid kuwa tana kashe injin, ruwan ya huce, fasinja yana son ɗumi, dole kwamfuta ta sake tayar da injin, ba don a yi tafiya ba sai don a samu zafi. Wato dai ana ƙona fetur a matsayin itacen jin ɗumi. Haka idan aka kunna iskar da ke share raɓa da ƙanƙara daga gilashin gaba: a yawancinsu injin zai tashi, don ganin hanya ya fi tattalin mai muhimmanci.

Na uku, batir. Wutar batir daga haɗuwar sinadarai take fitowa, kuma sanyi yana rage saurin wannan haɗuwa. Batir mai sanyi ba ya iya bayar da wuta mai yawa a lokaci guda, ba ya kuma iya karɓa da yawa. Saboda haka kwamfuta takan rage abin da take nema daga gare shi, injin ya ɗauki nauyin. Ta kuma rage wutar da birki ke mayarwa, sai birkin ƙarfe ya yi aikin, ƙarfin ya tafi a banza. Batirin litiyam ya fi jin wannan. Idan aka tura masa caji mai ƙarfi yana ƙasa da digiri sifili, ƙarfen litiyam yana iya taruwa a jikin farantinsa, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Tsohon nau'in batir na nikel, wanda ke cikin yawancin Prius da Camry tokunbo, ya fi jure sanyi. Da Toyota ta fitar da Prius mai jan ƙafa huɗu a 2019 don yankunan dusar ƙanƙara, batirin nikel ta saka mata saboda wannan dalili.

Sai ƙananan dalilai da suka shafi kowace mota. Iska mai sanyi ta fi nauyi: a digiri 7 ƙasa da sifili ta fi ta digiri 25 kauri da kusan kashi 12, don haka motar tana ture iska mai yawa a babbar hanya. Iskar taya tana raguwa da kusan ma'auni ɗaya a duk faɗuwar digiri biyar zuwa shida. Tayoyin sanyi suna da laushi, suna riƙe ƙasa, suna ƙara ja. Dusar ƙanƙara a kan titi kamar tuƙi a cikin rairayi ne. Har fetur ɗin ma, wanda ake sayarwa lokacin sanyi a Amurka haɗinsa daban ne don ya yi saurin kamawa, kuma ƙarfinsa a lita ya ɗan gaza na bazara.

Maɓallin EV da tafiya da lantarki zalla

A kusa da giyar yawancin haibirid na Toyota da Lexus akwai maɓalli mai rubutun EV. Dillalai sukan nuna shi su ce idan mai ya ƙare sai ka danna ka ci gaba da tafiya. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma barin haibirid ta ƙare mai ana ja da batir yana iya zuƙe shi har motar ta ƙi tashi. A haibirid ta gama-gari, maɓallin yana ba da tafiyar kilomita ɗaya zuwa biyu ne kawai, a hankali, ƙasa da gudun kilomita 40 a awa a Prius ta 2010. An yi shi ne don fita daga gareji ko shiga unguwa da dare ba ƙara.

Littafin motar ya lissafa lokutan da maɓallin zai ƙi karɓa. Akwai lokacin da injin yake kan ɗumama, da lokacin da motar ta daɗe a ajiye cikin sanyin da ya kai sifili ko ƙasa, da lokacin da cajin batir ya yi ƙasa, da lokacin da ake share raɓar gilashi, da lokacin da aka taka totur da ƙarfi ko gudu ya yi yawa. Akwai kuma wanda ya fi shafar mu: idan na'urorin lantarkin sun yi zafi, kamar motar da ta wuni a rana ko ta gama hawan tudu. Saboda haka idan ka danna ta yi 'yar ƙara ta ƙi, ba lallai ne wani abu ya lalace ba. Motar tana kare kanta ne.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: yawan danna maɓallin ba ya rage shan mai. Wutar da ka kashe, injin ne zai sake biyan ta da fetur. Kwamfutar ta fi direba sanin lokacin da ya dace ta kashe injin.

A haibirid mai filogi labarin ya bambanta, don ita an ƙera ta ne ta yi tafiya ta gaske da lantarki. Matsalarta a sanyi ita ce daga ina zafin hita zai fito tunda injin a kashe yake? Kamfanoni sun bi hanyoyi uku.

Wasu sun saka hita irin ta dafa ruwa, mai zare. Tana aiki nan take, amma tana iya jan kilowat biyar ko fiye lokacin da take fara ɗumama mota. A batir mai yunit takwas ko goma, wannan babban kaso ne. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki biyar a 2019: a digiri 7 ƙasa da sifili, ba a kunna hita ba, nisan ya ragu da kashi 12 kawai. Da aka kunna hita sai ya ragu da kashi 41. Ka ga ba batirin ne babban ɓarawo ba, ɗumama mutanen ciki ne.

Wasu sun saka famfon zafi, wato na'urar sanyaya ɗaki da aka juya bayanta. Maimakon ta kwashe zafin ciki ta zubar waje, sai ta kwaso ɗan zafin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi. Tana cin wuta kaɗan idan aka kwatanta da mai zare, amma tana rauni idan sanyin ya tsananta. Na Prius Prime ta 2017 yana aiki har zuwa digiri 10 ƙasa da sifili. Ƙasa da haka, injin ne zai tashi ya ba da zafi.

Hanya ta uku ita ce tayar da injin kai tsaye. Chevrolet Volt takan rubuta wa direba a allo cewa injin yana aiki ne saboda sanyi, ko da batir a cike yake. Daga samfurin 2013 an ba direba zaɓi: ko injin ya riƙa tashi daga kusan digiri 2, ko sai an kai kusan digiri 9 ƙasa da sifili.

A nan ne haibirid ta fi mai lantarki zalla kwanciyar hankali. A watan Janairu na 2024, da sanyi ya tsananta a Chicago, an ga motocin lantarki sun yi layi a wuraren caji, wasu sun mutu kafin layi ya zo kansu, don batir mai sanyi sai an ɗumama shi kafin ya karɓi caji mai sauri. Mai haibirid iyakar abin da zai same shi shi ne injin ya tashi ya sha mai. Duk da haka sanyi bai hana lantarki karɓuwa ba. A Norway, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki zalla ne.

Dabarun da ke jikin motar

Mai tokunbo zai iya cin karo da wasu kayan da aka saka don sanyi. Prius ta 2004 zuwa 2009 da aka sayar a Amurka tana da wani tanki kamar filas ɗin shayi a gaba, gefen direba, mai ɗaukar kusan lita uku na ruwan inji. Idan aka kashe mota sai famfo ya tura ruwan zafi ciki, washegari ya dawo da shi cikin injin kafin ya tashi. Ƙarar da ake ji bayan an kashe motar, ta wannan famfon ce. Daga samfurin 2010 aka canza dabara: ana bi da ruwan injin ta jikin salansa, zafin hayaƙi ya ɗumama shi da wuri. Motocin Kanada da yawa kuma suna da wata igiyar wuta mai filogi a gaban injin. Wannan ba ta cajin batir ba ce, ta ɗumama inji ce cikin dare. Kada wani ya nuna maka ita ya ce motar mai filogi ce.

Ga 'yan uwa da ke zaune a ƙasashen sanyi

Wanda karatu ko aiki ya kai shi Kanada, Amurka, Ingila ko Jamus, ga abin da ke rage asarar. Idan motar mai filogi ce, a ɗumama cikinta tun tana jone da wuta, kafin a fita, don zafin ya fito daga wutar gida ba daga batir ba. A yi amfani da hitar kujera da ta sitiyari, don wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da ɗumama iskar mota duka. A haɗa aike-aike a tafiya ɗaya maimakon fita sau uku da inji mai sanyi. Ba sai an bar mota tana aiki minti goma a tsaye ba, inji ya fi saurin ɗumi idan ana tafiya a hankali. A duba iskar taya duk wata.

Akwai gargaɗi guda da ya shafi rai. Haibirid tana iya yin shiru alhali a kunne take. Muddin fitilar READY tana ci, injin zai iya tashi da kansa kowane lokaci. Barin ta haka a gareji rufaffe yana tara hayaƙi mai guba marar wari, mai kisa. Haka idan dusar ƙanƙara ta toshe bakin salansa.

Mu nan fa?

Sanyin da ake magana a kai babu shi a Najeriya. A Legas da Fatakwal da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20. Ko a Jos da tsaunin Mambila, inda hunturu yakan kai shi kusan digiri 10 da asuba, nesa yake da sifili. Iyakar abin da mai zuwa gida lokacin hunturu zai gani shi ne injin ya ɗan daɗe yana aiki da safe. A wajen ɗumama inji, yanayinmu alheri ne ga haibirid, kuma gosulon Legas, wanda ke cinye man sauran motoci, shi ne inda ta fi nuna bambanci.

Namu abokin gaban zafi ne da ƙura. A gwajin AAA ɗin nan, a digiri 35 da na'urar sanyaya mota a kunne, nisan motar lantarki ya ragu da kashi 17. A yawancin haibirid na Toyota, kwamfresar na'urar sanyayawa da wutar babban batir take aiki, don haka a cikin gosulo batirin yana sauka, injin ya tashi ya caja shi. Amma kashe ta don tattali ba dabara ba ce, domin iskar cikin motar ce take sanyaya batirin. Bambancin da ke tsakani shi ne sanyi yana rage ƙarfin batir na ɗan lokaci, ya dawo idan ya ɗumama, zafi kuwa yana tsufar da shi har abada.

Akwai wata 'yar taga kusa da kujerar baya, inda fanka ke zuƙar iska zuwa batir. Kaya, mayafi ko jakar fasinja sukan toshe ta, ƙurar hunturu kuma takan cika fankar. Masu aikin haya su fi kula da wannan, su sa a riƙa wanke ta lokaci-lokaci.

Sai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu: cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya yi zafi. Makaniki zai ce maka ai na ƙasar sanyi ne, a nan ba a buƙatarsa, wani ma har ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa kullum. A haibirid wannan kamar ka sayo wa motarka sanyin Kanada ne da kuɗinka. Ruwan zai daɗe bai kai zafin da kwamfuta ke jira ba, injin ya rage mutuwa, shan mai ya ƙaru, mai mota ya koma yana zargin batir. Haka fasa indomi a sayar: na'urorin da ke auna hayaƙi za su riƙa ba kwamfuta labarin da bai yi daidai ba. Zuba ruwan famfo zalla maimakon ruwan sanyaya inji shi ma ɓarna ne, musamman da yake haibirid tana da zagayen ruwa na biyu, mai sanyaya akwatin da ke sarrafa wutar batir. Baƙin mai ma a bi abin da aka rubuta a murfi, Prius ta 2010 0W-20 aka ce, ba mai kauri ba. Kwamfresar lantarki kuma tana da nata man na musamman, na sauran motoci yana iya lalata ta. Wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa suna ɗauke da bolt sama da 200, ba na taɓawa ba ne ga wanda bai koyi aikin ba.

Mai filogi: lissafin wuta

Prius Prime tana jan kusan yunit 6.3 daga bango don tafiyar kilomita 40. A farashin naira 225 da aka sanya wa masu rukunin Band A a watan Afrilu na 2024, wannan kusan naira 1,400 ne. Da fetur, tafiyar za ta ci kusan lita ɗaya da kwata uku, wato naira 1,750 idan an ɗauki lita a naira 1,000. Akwai riba, amma ba mai yawa ba, kuma idan da janareta za a caja, ribar ta tafi har da ƙari. Wanda ke da sola ko wuta mai sauƙin farashi shi ne zai more ta. A kuma lura, igiyar cajin da ke zuwa da motar Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu 230 ce, sai a nemi igiyar da ta dace.

Kafin ka biya kuɗi

Motar da ta fito daga yankin sanyi, batirinta bai sha zafi irin na Arizona ko Texas ba, wannan alheri ne. Illarta gishiri. A jihohi irin su Michigan, Ohio da New York, da lardin Ontario, ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuma yana cin ƙarfe. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, bututun birki da salansa. A nemi tarihinta da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a tabbatar ba wadda ambaliya ta shanye ba ce, don ruwa da babban batir ba sa ga maciji. Garantin batirin Toyota a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000 a yawancin jihohi, sai daga samfurin 2020 aka mayar da shi shekara 10 ko mil 150,000, kuma yawancin tokunbo sun wuce wannan. Don haka ko a Berger ko a Kwatano, a tafi da mai na'urar da za ta karanta kowane sashe na batirin, a ga ko ƙarfinsu ya yi daidai da juna. A duba ƙaramin batir na bolt 12 ma: ba shi ke juya injin ba, amma shi ke kunna kwamfuta, idan ya yi rauni motar ba za ta ce uffan ba, kuma an sha canza babban batir alhali ƙaramin ne ya mutu.

A ƙarshe a yi gwajin tuƙi na aƙalla minti ashirin. Idan injin ya yi zafi, a tsaya a wuri ɗaya, cajin batir yana tsakiya ko sama, ya kamata injin ya mutu da kansa. Idan ya ƙi mutuwa a zafin Legas, ko yana tashi yana mutuwa a kai a kai, cajin yana hawa da sauka cikin 'yan mintuna, to ba sanyi ba ne. A nemi bayani kafin a yi ciniki.